Gosifol: Dafi da Magani a Cikin Angurya

Duk shekara bayan kaka, manoman Funtuwa da Malumfashi sukan kai audugarsu gidajen gurza, inda ake raba ta da angurya. Wanda ya fasa ƙwayar angurya zai ga waɗansu baƙaƙen ɗigogi a cikinta. A nan ne ake samun wani sinadari rawaya mai suna gosifol, wanda shukar take kare kanta da shi daga ƙwari.

Masana sun daɗe da sanin cewa gosifol dafi ne, amma a ƙasar Sin aka fara lura da tasirinsa a kan haihuwa. A 1957 wani likita ya ba da rahoton wani ƙauye da haihuwa ta ɗauke a cikinsa shekara da shekaru, lokacin da mutanensa suke girki da ɗanyen man angurya. Bincike ya nuna gosifol yana hana jikin namiji yin ƙwayoyin haihuwa. A shekarun 1970 aka gwada shi a kan maza fiye da 8,000 a matsayin maganin tazarar haihuwa, ya kuwa yi aiki ƙwarai. Sai dai ya zo da illoli biyu. Waɗansu gishirin fotasiyam na jininsu ya ragu har gaɓoɓinsu suka yi rauni, waɗansu kuma haihuwarsu ba ta dawo ba bayan sun daina sha. Saboda haka a 1998 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar a dakatar da wannan bincike.

Daga nan hankali ya koma kan sankara. Ƙwayoyin sankara suna da wani furotin, wato Bcl-2, da ke hana su mutuwa. Gosifol yakan manne masa ya hana shi aiki. An gwada wani nau'insa mai suna AT-101 a kan majinyata, amma bai kai ga zama maganin sankara ba tukuna.

Wannan ilmi ya shafi makiyayi kai tsaye. Babbar saniya takan ci angurya daidai gwargwado lafiya, domin a tumbinta gosifol yana haɗuwa da furotin ƙarfinsa ya ragu. Kaji da 'yan maruƙa ba su da wannan kariya. Man angurya da aka tace a masana'anta an cire masa yawancin sinadarin, amma ɗanyensa bai dace da girki ba, balle a sha shi da sunan magani.