Petra: Mawaƙan da suka ɗauki jita domin wa'azi, coci ta fara juya musu baya

Mu da muke zaune unguwa ɗaya da Kiristoci mun saba jin jita da ganguna na tashi daga coci ranar Lahadi, har mutum ya ɗauka wai dama can haka suka taso. Ba haka ba ne fa. Akwai lokacin da shigar da jitar lantarki coci babban abin faɗa ne a tsakaninsu, kuma labarin ƙungiyar mawaƙan Petra ta Amurka ya nuna yadda aka sha wannan dambarwa.

An kafa Petra a shekarar 1972 a garin Fort Wayne da ke jihar Indiyana. Jagoranta shi ne Bob Hartman, makaɗin jita, wanda ya haɗu da abokansa a wata makarantar koyon Baibul. Lokacin kuwa ana tsakiyar wani yunƙuri na farfaɗo da addini a Amurka, inda samari da yawa, wasunsu tsofaffin 'yan shaye-shaye, suke rungumar Kiristanci. Su waɗannan samari kiɗan rok suka tashi da shi, waƙoƙin coci na gargajiya ba sa shiga kunnensu. Sai Hartman ya ga cewa idan ana so su saurara, to a yi musu magana da kiɗan da suka sani.

Ko sunan ƙungiyar da manufa aka zaɓe shi. Petra a harshen Girka na nufin dutse, haka ma kalmar rok a Turanci. Ka ga an haɗa sunan kiɗan da siffar da Kiristoci suke yi wa Almasihu a littafinsu.

Faifansu na farko ya fito a 1974, na biyu a 1977, duk ba su yi kasuwa ba. Matsalar gaba biyu ce. Gidajen rediyon da ke sa kiɗan rok ba sa son wa'azi, manyan coci kuma da yawa suna ganin kiɗan na shaiɗan ne, ko me aka rera a kai. Wasu shagunan littattafan Kirista sun ƙi sayar da faifan. Har a 1987, fitaccen mai wa'azin talabijin Jimmy Swaggart ya fitar da littafi sukutum yana sukar irin wannan kiɗa.

Sai a farkon shekarun 1980 kasuwarsu ta buɗe, lokacin da Greg Volz yake jan baki. Hartman ne yake rubuta yawancin waƙoƙin, yana jingina su da ayoyin Baibul, kuma a wurin wasa sukan dakata da kiɗa su yi wa jama'a wa'azi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na John Schlitt. Shi mawaƙin wata ƙungiya ce mai suna Head East, wadda ba ruwanta da addini. Giya da hodar iblis suka sa aka sallame shi a 1980. Bayan ya tuba ya bar waƙa gaba ɗaya na kusan shekara biyar, kafin ya zama mai jan bakin Petra a 1986. A zamaninsa ne ƙungiyar ta ci lambar yabo ta Grammy sau huɗu, farawa da faifan Beyond Belief na 1990. A 2000 aka sa sunanta a zauren karrama mawaƙan bishara, wato masu waƙar coci da kansu suka karɓe ta. Ta yi bankwana a ƙarshen 2005 bayan shekara 33, ko da yake mambobinta sun sake haɗuwa daga baya.

A ganina, masu sukar Petra ba su yi tambayar banza ba: shin saƙon ne yake shiga zuciyar matashi, ko amon ganga ne kawai? Mu ma muna da namu saɓanin a kan kiɗa, kuma wannan fagen malamai ne. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san abu ɗaya: yaro ba ya ɗaukar darasin da bai saurara ba. 'Yan Petra sun je inda matasansu suke, suka jure zargi na shekaru. Yau yaranmu suna kan waya dare da rana. Wa yake zuwa ya same su a can, kuma da wane harshe?