Shiri na Musamman: Bayan Ruwa Ya Janye, Wa Za a Kira?

Shirinmu na yau ya nufi Maiduguri, kuma maganarsa a kan abin da ke biyo bayan ambaliya ce, lokacin da 'yan jarida suka naɗe kayansu, aka bar magidanci tsaye a ƙofar gidansa, laka har gwiwa.

A daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle. Kafin gari ya waye ruwa ya mamaye Gwange, Fori, Galtimari da Bulabulin, ya shiga fadar Shehun Borno, da Kasuwar Monday, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, har sai da aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a baya. Dattawan garin sun tuna da 1994, shekarar da wannan madatsa ta taɓa yi musu irin haka.

Da ruwan ya janye, sai wani aikin ya taso. A Amurka ko Ingila akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan kacokan: su zo da injinan zuƙe ruwa, da manyan fankoki, da na'urar auna danshin bango, kamfanin inshora ya biya. A Maiduguri, kamar a Haɗejiya ko Mokwa, da wuya a sami mai inshorar gida, kuma babu ofishi ɗaya da za a buga wa waya a ce a zo a gyara komai. Mai gida shi ne ɗan kwangilar kansa. Shi zai nemo mai gyaran wuta, da mai injin ruwa, da leburori, da birkila, da kafinta, da mai fenti. Kuma abin da ya fi jawo asara a nan shi ne kiran su ba bisa tsari ba.

Wanda ya kamata ya fara taka gidan shi ne mai gyaran wuta. Ruwan ambaliya yana shiga soket da bututun da wayoyi ke bi a cikin bango, ya bar taɓo a ciki, kuma taɓon nan yana riƙe laima bayan ƙasa ta bushe. Mai aikin da ya san abin da yake yi zai kashe babban makunni tun daga mita, ya cire haɗin janareto da na batiran sola, ya buɗe soket ɗaya bayan ɗaya, ya sauya waɗanda ruwa ya nutsar. Wanda ya leƙa kawai ya kunna ƙwai ɗaya ya ce lafiya lau, a ba shi kuɗin mota a sallame shi. Wannan wuri ne da ba a neman araha, domin kuskuren mai fenti ido ne ke gani, kuskuren mai wuta kuwa rai yake ɗauka.

Sai kwashe ruwan da ya kwanta. A nan injinan ban-ruwa na manoman rani suna da amfani ƙwarai, ana ɗaukar hayarsu tare da mai su. Sharaɗi ɗaya ne: injin ya zauna a waje, tiyo ne kawai zai shiga ɗaki. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma a rufaffen ɗaki tana kashe mutum yana zaune.

Leburorin da za su kwashe laka suna bukatar takalmin roba da safar hannu, kuma mai gida na gari shi zai saya musu. Lakar ambaliya ba lakar fadama ba ce. Ta biyo ta masai, da kwata, da bola, da maƙabarta. A Maiduguri ma ruwan ya fasa gidan namun daji na Sanda Kyarimi, hukuma ta gargaɗi jama'a game da macizai da kadoji, saboda haka ba a cusa hannu bayan durowa ko ƙarƙashin tulin kaya sai an zungura da sanda. Katifar soso da ta sha wannan ruwa, da darduma mai kauri, da silin na kwali, rabuwa da su ya fi, komai zafin abin. Funfuna tana fara tsirowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a kan abin da ya jiƙe, kuma masu asma da ƙananan yara su ke fara shan wahalarta. Ƙasa da bango a wanke su da sabulu tukuna, sannan a bi da ruwan bilic, tagogi a buɗe, kuma kada a gauraya bilic da wani maganin wanke bayan gida.

Rijiya da masai kuwa tare ake duba su. Idan ruwa ya shafe tsakar gida, abin da ke cikin shadda ya riga ya gauraya da abin da ke cikin rijiya. Makonni kaɗan bayan ambaliyar, a watan Oktoba na 2024, gwamnatin Borno ta sanar da ɓullar cutar amai da gudawa. Don haka ana kiran masu kwashe masai, a kira masu yasar rijiya, a kwarfe ruwan, a zuba sinadarin kulorin bisa shawarar ma'aikatan lafiya. Kafin a kai ga haka, ruwan sha sai dafaffe.

Yanzu ga inda aka fi yin kuka daga baya: bango. Bulo yana shan ruwa kamar soso, kuma yana sakinsa a hankali, cikin makonni, wani lokaci watanni. Magidancin da ya gaji da zaman sansani ko na gidan surukai yana son ya ga ɗakinsa fari tas, sai ya kira mai fenti tun bangon na jiƙe. Bayan wata biyu fentin ya kumbura, ya ɓare, wani farin gari kamar kanwa ya fito a gindin bango. Kuɗi sun tafi. Akwai gwajin da ba ya bukatar na'ura: a manna farar leda a jikin bango, a liƙe gefenta da salatif, a bar ta ta kwana. Idan da safe aka ga raɓa a cikinta, bangon bai shirya ba. Mai fenti mai amana shi da kansa zai ce a dakata, ko da hakan na nufin ya koma gida hannu rabbana. A wannan yanki ma Allah ya kawo sauƙi: iskar hunturu tana zuwa bayan damina, tana busar da gini kyauta.

Ginin ƙasa nasa hukuncin daban ne. Ruwa yana cinye gindinsa, sama ta yi kyau a ido alhali ƙasa ta rube. Irin wannan katanga kan faɗi kwanaki bayan ruwa ya tafi, sau da yawa da dare, mutane na barci a gindinta. Tsohon magini kan ƙwanƙwasa, ya tona gindin da ɗan ƙarfe, ya faɗi ko za ta karɓi yaɓe ko sai an rushe. A ginin siminti kuma, tsagar da ta yi karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ƙofar da ta daina rufuwa, alama ce cewa harsashin ginin ya motsa. Wannan ya wuce aikin birkila. A nemi injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN, musamman idan bene ne.

To, ta yaya ake gane na ƙwarai a lokacin da kowa ya ɗauki cokalin gini ya ce shi magini ne? Bayan kowace ambaliya aiki yana yawa, hannu yana ƙaranci, farashi yana tashi, baƙin fuskoki suna cika unguwa. Hanyar da ta fi tabbas ita ce tsohuwar hanya: a tambayi bulama ko mai unguwa, a tambayi limami, a tambayi mai shagon siminti, domin shi ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke rage buhu. Sannan a je a ga wani gidan da mutumin ya gyara, a yi magana da mai gidan ba a gabansa ba.

Idan an daidaita, a rubuta. Ko a takardar littafin makaranta ce, a sa abin da za a yi, da kuɗin jinga, da ranar gamawa, shaidu biyu su sa hannu. Kayan aiki mai gida ya saya da kansa ko ya bi mai aikin kasuwa. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai fara aiki, sauran a biya kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe har sai an duba. Shi ma mai gida akwai nasa haƙƙin: ya biya lebura a ranar da aka yi alkawari, don wataƙila shi ma gidansa yana cikin laka. Ɗan haya kuwa kada ya sa ko bulo ɗaya sai sun yi magana da mai gidan a kan wanda zai biya, a gaban shaida.

Abu na ƙarshe shi ne hoto. Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton kowane ɗaki da wayar hannu, da layin da ruwa ya bari a bango. Masu tantance waɗanda za a ba tallafi, na gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji, sukan zo ne bayan an share, kuma hoton ne zai yi wa mai gida shaida. Layin nan kuma yana da wani amfani: shi zai nuna wa mai gyaran wuta inda zai ɗaga soket, ya nuna wa birkila tsayin dakalin da zai yi a bakin ƙofa.

Masu sauraro, duk wanda ya san magini, ko mai wuta, ko mai yasar rijiya da ya gwada ya ga amanarsa, ya kai sunansa ga mai unguwa tun yanzu, kafin hadarin damina mai zuwa ya haɗu.