Iri da Fangali: Yadda Matashi Mai Raba Ƙwallo Yake Girma a Hannun Waɗanda Suka Kewaye Shi

A cikin 'yan wasa goma sha ɗaya da ƙungiyar ƙwallon ƙafa take shiga fili da su, akwai guda ɗaya da ya fi kowa shan yabo idan an ci, ya kuma fi kowa shan zagi idan an sha kashi, shi ne ɗan wasan tsakiyar da ake kira mai raba ƙwallo, wanda a al'adance yake sanya riga mai lamba goma, kuma aikinsa shi ne ya karɓi ƙwallo daga 'yan baya, ya hango inda ƙofa ta buɗe, ya miƙa wa 'yan gaba ita a daidai lokacin da za ta yi amfani. A filayen makarantu na Kura da Bunkure da Garun Malam, kamar a sauran garuruwan Kano, 'yan kallo ba sa ɗaukar lokaci kafin su yanke wa irin wannan yaro hukunci: wasa biyu masu kyau sun isa a laƙaba masa sunan wani gwarzon Turai, wasa biyu marasa kyau kuma sun isa a ce dama zuzuta shi aka yi. Hukuncin biyu duka suna da rauni iri ɗaya, domin kowannensu yana auna yaron shi kaɗai, alhali kuwa babu matsayi a fili da ya dogara da sauran mutum goma kamar nasa.

Manoman wannan yanki sun fi kowa sanin dalilin da ya sa irin wannan awo ba ya tsayawa. Ruwan da suke noman rani da shi yana gangarowa ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin mulkin Audu Bako, ya bi babbar magudana ya rarrabu zuwa ƙanana har ya isa gonakin shirin ban ruwa na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko ya ɗauki kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are take kula da shi. Wanda gonarsa take kusa da bakin magudana da wanda tasa take can ƙarshe, inda yashi da ciyawa suka toshe hanya, suna iya sayen irin tumatir ɗaya a kanti ɗaya, su yi dashe a mako ɗaya, amma kwandunan da za su kai kasuwar Kwanar Gafan ba za su zo ɗaya ba, kuma babu manomi mai hankali da zai ɗora laifin a kan irin kafin ya tambayi sau nawa ruwa ya shiga fangali. Haka nan sun san cewa tsiron da aka cire daga wurin renonsa tun bai yi ƙwari ba, rana ɗaya ta bazara ta isa ta ƙone shi. Abin mamaki shi ne mutumin da ya san wannan a gona da safe, shi ne zai manta da shi a bakin fili da yamma.

Wani wurin da ake ganin wannan matsala ƙarara shi ne ƙwallon Amurka, wato wasan da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, ana ɗaukarta a hannu ana jefawa. A can akwai matsayin da ake kira kwatabak, wanda kusan kowane hari yake farawa daga hannunsa: shi ake miƙo wa ƙwallo, shi yake zaɓen wanda zai jefa wa, yayin da ƙarfafa biyar suke tsaye a gabansa suna tare abokan karawa don ya samu 'yan daƙiƙoƙin da zai duba fili. A 2002 sabuwar ƙungiyar Houston Texans ta ɗauki David Carr a matsayin zaɓi na farko cikin dukan matasan da suka fito daga jami'o'i a shekarar, ta sa shi a wasa nan take a bayan masu tsaron da ba su gama haɗuwa ba, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu har sau 76 a kakar wasa ɗaya, adadin da ya shiga tarihin gasar, kuma bai taɓa kaiwa inda aka yi masa zato ba. Patrick Mahomes kuwa, da Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 2017, ya shafe kusan dukan shekararsa ta farko a benci yana koyo a bayan Alex Smith, ƙarƙashin gogaggen mai horarwa Andy Reid, sannan da ya fara wasa sosai a 2018 ya tarar da Travis Kelce da Tyreek Hill suna jiran ƙwallonsa, ya yi jifa 50 da suka zama ci, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Ba wanda zai ce baiwar mutanen biyu ɗaya ce, amma yaron da ya koyi cewa duk sanda ya riƙe ƙwallo za a buge shi, abin da yake koya shi ne gaggawar rabuwa da ita, ba duban fili ba, kuma wannan ɗabi'a ba ta fita da sauƙi.

A ƙwallon ƙafa lamarin ya fi ɓoyuwa, domin babu wani adadi da yake nuna shi ƙarara, amma hanyarsa ɗaya ce. Ƙwallon da mai rabawa ya tura tsakanin 'yan baya biyu ba ta zama gwaninta sai idan ɗan gaba ya riga ya fara gudu kafin a buga ta. Idan ya tsaya yana jira a kawo masa ita ƙafa, 'yan kallo za su ce an zubar da ƙwallo, su kuma ɗora wa wanda ya hango abin da ba su hango ba. Yana bukatar ɗan tsakiya mai tsaro a bayansa, wanda zai ƙwato ƙwallo ya kuma toshe gurbin da ya bari, in ba haka ba zai ƙare ƙarfinsa wajen bin abokan karawa. Yana bukatar 'yan baya masu iya miƙo ƙwallo a ƙasa, domin ƙungiyar da take ɗaga ta daga gida zuwa gaba ta mayar da lamba gomarta ɗan kallo, ƙwallo tana wucewa ta saman kansa. Har ƙasar filin tana da nata rabo: a fili mai tsakuwa da ramuka yaro yana kashe taɓawa biyu ko uku kafin ya tsayar da ƙwallo, idonsa a ƙasa, don haka yake girma da gwanintar yanka amma da ƙarancin sabon ɗaga kai, wanda shi ne jarin wannan matsayi.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Rabi'u Ibrahim, haifaffen Kano, wanda ya sanya lamba goma a tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da ta ci kofin duniya a Koriya ta Kudu a 2007 ƙarƙashin marigayi Yemi Tella, bayan ta doke Jamus da ci 3 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, ta kuma doke Sifaniya a bugun fanareti a wasan ƙarshe. An yi ta kwatanta shi da Jay-Jay Okocha, kuma ƙungiyar Sporting ta Lisbon ta ɗauke shi yana ɗan shekara 16. Daga nan sai tafiyar ta zama ta dashe bayan dashe: aro a wata ƙaramar ƙungiya a Fotugal, sannan Holan, inda ya zauna a PSV ba tare da samun wasa na kirki ba, sannan Celtic a Sikotlan a 2012, sannan Kilmarnock a 2013. Shekarun da ya kamata a ce yana buga wasa kowane mako tare da mutanen da suka san motsinsa, ya yi su ne yana koyon sabon harshe, sabon mai horarwa da sabon benci. Sai da ya sauka a Trenčín ta ƙasar Sulobakiya, ƙungiyar da ba ta da babban suna amma take buga ƙwallo a ƙasa kuma ta ba shi wuri, sannan aka sake ganin ɗan wasan da aka sani, a shekarun da ƙungiyar ta ci gasar ƙasar a 2015 da 2016, kafin daga baya ya koma Slovan Bratislava ya ci gaba da ɗaukar kofuna.

A cikin tawagar Jamus da Najeriya ta doke a waccan gasa akwai Toni Kroos, wanda aka ba kyautar gwarzon gasar. Shi ya koma Bayern Munich, ƙungiyar da take renonsa, da ta ga ba zai samu isasshen wasa ba sai ta ba da shi aro ga Bayer Leverkusen a farkon 2009, a ƙasarsa, cikin harshensa, inda ya yi cikakkiyar kaka ƙarƙashin Jupp Heynckes, ya dawo ya zama ginshiƙi, ya ci kofin duniya na manya a 2014 ya wuce Real Madrid. Aro ne aka ba da su dukansu biyu, amma ɗaya an ba da shi ne da shiri da sanin ranar dawowa, ɗayan kuwa an ajiye shi ne inda aka samu gurbi.

Hanyar Ahmed Musa, ko da yake shi ɗan gaba ne, tana nuna ɗaya fuskar. Ya zo Kano Pillars daga Jos a daidai lokacin da ƙungiyar take kan ganiyarta, ta ci gasar Najeriya a 2008, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, don haka matashin ya faɗo ne cikin gogaggun da suka iya ba da ƙwallo, ya zura 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya zama wanda ya fi kowa ci. Da ya tashi fita waje bai nufi babbar ƙungiya ba, ya tafi VVV-Venlo ta Holan inda zai buga wasa, sai a 2012 ya wuce CSKA ta Mosko. Rabi'u Ali, wanda magoya bayan Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, suke kira Pele, ya daɗe a ƙungiya ɗaya da abokan wasa da suka san shi, yana tsakiyar tawagar da ta ci gasar sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma ya ci gaba da wasa har bayan ya haura shekara arba'in, abin da ba kasafai ake gani ba.

Wannan ba ya nufin cewa duk yaron da ya gaza laifin na kewaye da shi ne. Akwai irin da ko a bakin magudana aka shuka shi ba zai yi 'ya'ya ba, akwai kuma matsalar rage shekaru, wadda ta sa hukumar FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'ura a gasar 'yan ƙasa da 17 tun 2009, domin saurayi ɗan shekara ashirin da yake wasa cikin yara zai yi kama da gwani har ranar da ya haɗu da tsaransa. Ƙungiya mai ƙarfi ma tana iya rufa wa rago asiri. Abin da mai neman 'yan wasa na gaske yake dubawa shi ne abin da ba ya canzawa da canjin abokan wasa: ko yaron yana waiwayawa kafin ƙwallo ta iso shi, ko taɓawarsa ta farko tana fitar da shi daga matsi, ko shawarar da ya yanke daidai ce ko da wanda ya ba wa ya ɓarar.

A yankin ban ruwa, na kewaye da yaro ba su tsaya ga mutum goma na cikin fili ba. Noma a nan ba ya yankewa, ana gama shinkafar damina a shiga alkama da tumatir da albasa da masara, kuma matashin da ya yini yana dashe ko yankan shinkafa ko ɗaukar buhu a injinan casa na Kura yana zuwa atisaye ne da ragowar ƙarfinsa, a ranakun da aikin ya bari. Yawancin wasannin da yake samu na gasar kofi ne, irin waɗanda ake shiryawa lokacin salla ko gabanin zaɓe, waɗanda ake fitar da ƙungiya da zarar ta sha kashi sau ɗaya, kuma mai horarwar da ya san haka ba zai yarda yaro ɗan shekara goma sha shida ya gwada ƙwallo mai haɗari ba, zai ce masa ya ɗaga ta gaba kawai. Mai raba ƙwallo kuwa ba ya ƙwarewa sai ya ɓarar da ɗaruruwa a wurin da ɓararwar ba za ta kore shi daga ƙungiya ba, abin da gasar lig mai wasa gida da waje take bayarwa, kofi ba ya bayarwa.

Kuɗin gina irin wannan ƙungiya ba baƙo ba ne a garuruwan da tireloli suke lodin shinkafa a kan hanyar Kano zuwa Zariya, kuma dokokin ƙwallo da kansu sun tanadi hanyar da jarin zai dawo. FIFA ta hana, sai a wasu keɓantattun halaye, a sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, ta kuma wajabta a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikinsa tsakanin ƙasashe a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Sai dai rabon yana bin takarda ne, wato tarihin rajistar ɗan wasa da hukumar ƙwallon ƙasa take riƙe da shi, don haka ƙungiyar unguwa a Bunkure da ta reni yaro shekara biyar ba tare da ta yi rajista da hukumar ƙwallon jiha ba, sunanta ba zai fito a lissafin ba, kuma kason da ya kamata ya saya wa 'yan baya ƙwallaye da takalma zai tafi ne ga makarantar ƙwallo ta birni da ta fara rubuta sunansa.