Zabin Daji da Fakara a Ƙasar Tsibiri: Wa Ke Tsaron Ƙwan Damina?

Duk manomin da ya taɓa yin sammako zuwa gona a Tsibiri, ko a ƙauyukan Maradun da Bakura da Talata Mafara, ya san kukan fakara, wadda waɗansu ke kira makwarwa. Tun gari bai gama wayewa ba namijin yakan hau kan suri ya yi ta ƙara, wani kuma ya amsa masa daga ƙetaren rafi. Da yamma sai zabin daji su sauko shan ruwa a jere, a kan tuddai masu duwatsu kuwa kazar dutse tana nan da 'yan'uwanta. Waɗannan tsuntsaye su ne naman talaka. Wanda ba shi da halin yanka akuya yakan sa tarko a gefen gona, yaransa su sha romo. Amma dattawa duka bakinsu ɗaya ne a kan cewa garken zabin da suka sani suna samari ba shi ne ake gani ba yanzu. Mun ga ya kamata mu tattauna wannan al'amari da ku, 'yan'uwa na ƙungiyoyin gama kai, gama dajin da tsuntsayen nan ke ciki na kowa ne, abin da yake na kowa kuwa shi ne ya fi rasa mai tsaro.

Bari mu fara da abin da ba laifin maharbi ba ne. Zabuwa da fakara a ƙasa suke yin sheƙa. Suna bukatar ciyawa mai tsawo irin su gamba, da sarƙaƙiyar sabara da geza da magarya inda za su ɓuya daga shaho da muzuru. Wannan mafaka ita ce ta ragu. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, suka sa mutane suka ƙara matsa wa daji da sara da kiwo. A 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Tafkin ya shanye kadada wajen 8,000, dubban iyalai suka tashi, har garin Maradun aka sāke masa mazauni. Wanda gonarsa ta nutse dole ya hau tudu ya sare sabon wuri. A ƙasan madatsa kuma ambaliyar da takan jiƙa fadama kowace shekara ta ragu. Mutanen ƙasar nan ba su manta da jinin manoman da aka zubar a Afrilu 1980 a kan maganar diyya ba, ba kuwa za mu ce wanda ya yi sabuwar gona don ciyar da gidansa ya yi laifi ba. Muna faɗa ne kawai domin a gane cewa ragowar dajin kaɗan ne, ba zai ɗauki irin ɓarnar da babban daji yakan ɗauka ya warke ba.

To, ina ɓarnar take? Mutane sukan ɗora wa mai bindiga. A ganinmu shi ne mafi ƙarancin laifi. Maharbi mai harba-ka-ruga, ko mai sa kan burtu a goshi yana rarrafe cikin ciyawa, yakan wuni ya komo da zabuwa biyu ko uku. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ɓarnar da ta fi girma ba ta da ƙara ko kaɗan, ita ce kwasar ƙwai.

Zabuwar daji da damina take saka, sa'ad da ciyawa ta rufe ƙasa ƙwari kuma suka yi yawa. Takan tara ƙwai kamar 6 zuwa 12 a ɗan rami, ta kwanta a kansu kwana 26 zuwa 28. Wannan lokaci shi ne daidai lokacin noman fari da maimai, lokacin da yara masu kiwo da masu yankan ciyawa suke ko'ina cikin daji. Yaro ya yi tuntuɓe da sheƙa, ya kwashe duka cikin hula, a dafa a kai tasha. Wani ma yakan sa asuta a bakin sheƙar ya haɗa da uwar. Ku lissafa da kanku: sheƙa ɗaya da aka kwashe a watan Yuli ta fi abin da maharbi zai kashe a kwana uku na rani, ga shi kuma an kashe su tun ba su zama nama ba. Wanda ya ci irin shuka ba ya ce wa shekara ta yi masa rowa.

Na biyu ita ce wuta. Farautar gayya ta rani, da karnuka da gora da kiɗa, al'ada ce mai daɗi, ba mu ƙi ta ba. Abin da muka ƙi shi ne cinna wa daji wuta a watan Fabrairu ko Maris don a kori nama. A lokacin ciyawa ta bushe ƙarau, iska tana kaɗawa, wutar takan ci har 'yan itatuwa masu tasowa, wani lokaci ta tsallaka ta ci karan da aka tara wa dabbobi, ko rumbu. Tsuntsun da ya tsira ba shi da wurin ɓuya har ruwa ya sauko. In lalle sai an ƙone, malaman daji sun daɗe suna cewa a yi da wuri, a Oktoba ko farkon Nuwamba, ciyawa tana da sauran ɗanye, a yi shi yanki-yanki da yamma bayan iska ta kwanta.

Na uku kuwa ya fi su muni, watau jiƙa hatsi da maganin ƙwari a watsa a mashaya. Wannan ba farauta ba ce. Yana kashe kurciya da hasbiya da kajin maƙwabci, ungulun da ta ci gawar ita ma ta mutu. Dafin ba ya fita don an jefar da hanji. Wanda ya sayi irin wannan nama a kasuwa bai san abin da ya kai wa 'ya'yansa ba. Gamalin da aka yi ta zubawa a ruwa don kifi, ƙasashen duniya sun sa sinadarinsa cikin jerin abubuwan da za a daina amfani da su a gona tun 2009, amma waɗansu magunguna sun maye gurbinsa a hannun masu wannan mugun hali.

Akwai abin koyi daga nesa. A tuddan ciyawa na tsakiyar Amurka, a jihohi irin su Dakota ta Arewa da Montana, akwai wata tsuntsuwa mai kama da fakara, mai wutsiya mai tsini. Da bazararsu mazan sukan taru a fili ɗaya kowace shekara su yi ta rawa suna buga ƙafa don jan hankalin mata. Ana farautarta har a filin gwamnati, inda kowa yake da ikon shiga. Amma ba a buɗe farauta sai Satumba, bayan 'ya'yan sun yi ƙarfi, sai da lasisi, a Dakota ta Arewa kuma mutum ba ya wuce uku a rana. Ba don sun fi mu hankali suka yi haka ba, sun sha wuya ne tukuna. Wata 'yar'uwar tsuntsuwar nan da ta cika gabashin ƙasarsu a dā, an yi ta harbi ana noma mazauninta har aka ga ta ƙarshe a 1932. A 1937 suka kafa doka cewa harajin bindigogi da harsashi ya riƙa tafiya wajen kula da namun daji. Mu ma muna da Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa tun 1963, sai dai mai gadin daji ɗaya ba zai iya bin kowane yaro mai hula ba. A wurinmu dokar da za ta yi aiki ita ce wadda gari ya yarda da ita a gaban mai gari da Sarkin Baka.

Wani zai ce, ai yanzu wa ke shiga daji? Gaskiya ne. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka mamaye manyan dazuzzukan Zamfara, har da dajin Sububu a arewacin Maradun, manoma da yawa ma gonakinsu na nesa sun gagare su. Ba mu ba kowa shawara ya sa ransa cikin hatsari saboda zabuwa ba. Amma wannan ya sa dukan nauyin itace da kiwo da tarko ya komo kan 'yan tuddan da ke kusa da gari, da bakin tafki, da iyakokin gonaki. Nan ne kuwa ƙungiya take da iko.

Ga abin da muke ganin za a iya. Ƙungiya ta kai magana wurin mai gari da shugaban maharba, a haɗa da makiyaya tun da su ma ciyawar suke so, a yi shela cewa daga faɗuwar ruwa har a kai amfani gida ba tarko, ba kwasar ƙwai. Kowane ɗan ƙungiya ya bar layin gamba a iyakar gonarsa. Ba asara ba ce: yana tare zaizayar ƙasa, da rani a yanka a yi zana da jinka, sai dai a bar wani sashe tsaye. Zabuwa mai 'ya'ya kuwa fara da gara da tsutsa take bi, aikin da muke biyan kuɗi a yi mana da feshi.

Yaran da ke kwasar ƙwai kuɗi suke nema, hani kaɗai ba zai tsai da su ba. Gara ƙungiya ta sayi ƙwan zabin gida ta ba su rance. A sa wa kaza mai kwanci 12 zuwa 15, a tuna zai ɗauki mako guda fiye da ƙwan kaza. In sun ƙyanƙyashe, raɓa da sanyi ne manyan abokan gabansu, saboda haka a tsare su a akurki mai bushewa har rana ta ɗaga, mako huɗu zuwa shida na fari, ana ba su gara da tsakin gero da ruwa a kasko marar zurfi mai tsakuwa a ciki don kada su nutse. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a Yuli sun isa kai wa kasuwar Talata Mafara a Disamba, yaro ya biya ƙungiya ƙwanta da damina mai zuwa daga zabin da ya bari.