Agogon Ƙirga Tafiya: Littafin Lissafin Lafiyarku

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, da yawa daga cikinmu mukan wuni a rumfa tun hantsi har faɗuwar rana, mu koma gida a gajiye, mu ɗauka gajiyar nan ta wadatar a matsayin motsa jiki. Alhali gajiyar zama daban take da motsin da ke ƙarfafa zuciya. Wanda ya zo kasuwa a kan babur, ya zauna sa'a takwas yaro na miƙo masa kaya, jikinsa bai yi aikin da zai taimaka wajen kare shi daga hawan jini da ciwon sukari ba. Ɗan kasuwar kirki ba ya ƙiyasta riba da ka, littafi yake dubawa. Agogo ko waya mai GPS irin wannan littafi ne ga tafiyarku.

Yadda yake aiki

GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam kimanin 30, mallakar Amurka, masu kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000. Kowannensu yana aiko da saƙon lokaci da na wurin da yake. Idan na'urarku ta kama saƙon huɗu ko fiye, sai ta lissafa inda kuke tsaye. Kuna tafiya tana maimaita lissafin, ta haka take fitar da nisan da kuka ci, da lokacin da kuka ɗauka, da saurinku.

Wannan lissafi ba ya cin kati, ba ya buƙatar layin waya. Saboda haka mai fatauci tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, na'urarsa za ta ci gaba da ƙirga ko da layinsa ya ɗauke a kan iyaka. Data sai wajen sauke manhaja da buɗe taswira. Ba lallai sai kun sayi agogo ba, domin yawancin manyan wayoyi suna da GPS, ga kuma manhajoji irin su Samsung Health da Strava. Idan agogon za ku saya, ku tambaya ko yana da GPS nasa, domin wasu masu araha daga waya suke aro.

Abin da za ku duba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya yi matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 a kullum. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako ta cika mafi ƙarancin adadin babba.

Na farko, ku duba mintuna. A makon farko kada ku sauya komai, ku kunna na'urar kawai duk lokacin da kuka fita da ƙafa. Ranar Juma'a ku haɗa jimilla. Idan minti 50 kuka samu, ku ƙara kaɗan a mako na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, sauri. Tafiyar ganin gari ba ta kai ba. Ku nemi cin kilomita ɗaya cikin kamar minti 12, ko taku 100 a minti. Alamar da ba ta buƙatar na'ura ita ce ku iya magana amma ku kasa rera waƙa.

Na uku, bugun zuciya. Na babba idan yana hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. Idan bayan 'yan watanni kuka ga kuna cin hanya ɗaya da ƙarancin bugu da haki, zuciya ta fara ƙarfi ke nan.

Inda yake kuskure

Rufin kwano da lungunan kasuwa suna tare saƙon taurari, sai nisan ya fito ba daidai ba. Ku tsaya a fili har na'urar ta kama kafin ku fara. Ku kashe ta idan za ku hau babur ko mota, kada ta rubuta muku ribar da ba ku ci ba. GPS yana shan caji sosai. Mafi muhimmanci, agogo ba likita ba ne. Kada lambar da ya nuna ta sa ku daina shan maganin hawan jini ko na sukari. Awon jini na gaskiya a asibiti ake yin sa, kuma ku riƙa nuna wa jami'in lafiya lissafin tafiyarku idan kun je.

Ku rufa wa kanku asiri

A farkon 2018 aka gano cewa taswirar hanyoyin masu motsa jiki da Strava ya wallafa ta tona wuraren sansanonin soja a Afganistan da Siriya. Abin da ya tona asirin soja ba zai rufa na mai ɗauke da kuɗin ciniki ba. Ku saita manhajar ta zama ku kaɗai ke ganin hanyarku, kada ku watsa taswirar da ke nuna ƙofar gidanku da lokacin fitarku a Facebook ko WhatsApp.

Kafin ku fita

Ku zaɓi bayan asuba ko sanyin yamma, musamman a zafin bazara, ku riƙe ruwan sha. Mai asma ya rufe hanci lokacin ƙurar hunturu. Mai ciwon sukari ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafarsa bayan ya dawo. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su fara neman shawarar jami'in lafiya. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti.

Ku fita tare da iyali ko maƙwabcin rumfa, waya ɗaya ta ishe ku duka. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.