"Nan da nan ne ai": Me ya sa ɗaura bel ya zama dole ko a gajeriyar tafiya

Duk wanda ya saba shiga mota daga Agege zuwa Kara, ko daga Sabo zuwa Bodija a Ibadan, ya san wannan magana: "Haba, nan da nan ne ai." Sai an hango jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, direba ya jawo bel ya rataya a kafaɗa, ko maƙala shi bai yi ba. Ana wuce su ya sake shi.

To, haɗari ba ruwansa da nisan tafiya, gudun mota yake dubawa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda a gari ba ma ɗaukarsa gudu, idan ta daki abu ta tsaya cak, jikinka ba ya tsayawa tare da ita. Gaba zai ci da wannan gudun har ya haɗu da sitiyari ko gilashi. Ƙarfin bugun kamar faɗowa ne daga tsayin mita 10, wajen bene mai hawa uku. Babu ƙarfin hannun da zai tare wannan. Kuma cikin gari ne ake da mahaɗar hanyoyi, da danfo mai cin birki ba zato, da ɗan acaɓa mai faɗowa gabanka.

Mu da muka tashi a harkar shanu mun san dalilin ɗaure su a tirela kafin a taso daga Arewa: birki ɗaya, sai su zube kan juna. Mai zama a baya ba bel haka yake. Shi zai faɗo kan na gaba, ya ji ciwo, ya ji wa wani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga masu zama a gaba. Amma sai an ɗaura shi daidai: ya bi ta kafaɗa da ƙirji, na ƙasan ya zauna kan ƙashin ƙugu, ba kan ciki ba. Maƙala shi ta bayan kujera don ƙarar mota ta yi shiru, yaudarar kai ce. Yaro kuma baya ne wurinsa, ba cinyar mai zama a gaba ba.

Rai na hannun Allah, gaskiya ne, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Malam direba, kafin ka tayar da mota, ɗaura naka, ka ce wa fasinja ya ɗaura nasa. Allah ya tsare mu.