Me Ya Sa Gejin Mai Yake Yaudarar Direba?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direbobin da ke jigila tsakanin Kibiya da Rano da Kano ba su cika shaƙe tanki ba. Lita kaɗan suke saya, su dogara da allurar geji. In ta yi ƙarya, mota ta mutu a daji da fasinja da buhunan masara.

Gejin kansa bai taɓa ganin mai ba. A cikin tanki akwai wata 'yar gora ta roba da ke iyo a kan mai, kamar yadda gorar masunta ke iyo a ruwan Tiga. An haɗa ta da siririn ƙarfe, wanda ƙarshensa ke goga a kan wani lallausan nadin waya. Idan mai ya ragu gorar ta sauka, sai turjiyar da lantarki ke gamuwa da ita ta canja, allura kuma ta motsa. Ɗaliban ilimin halittu za su ga kama da jikin mutum: fata ce ke jin zafi, jijiya ta kai saƙo, ƙwaƙwalwa ta fassara.

Ana auna turjiya da om, sunan da aka samo daga Georg Ohm, masanin Jamus da ya bayyana dokarta a 1827. Matsalar ita ce masana'antu ba su yi ittifaƙi ba. A wani tsari da ya yaɗu a Amurka, tanki wayam yana ba da om 240, cikakke kuma 33. A wani tsarin Turai kuwa, wayam 10 ne, cikakke 180. To, a ce bakanike ya sayo na'urar tanki ta tsari na biyu a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya haɗa ta da geji na tsarin farko. Tankin da babu ko ɗigo zai nuna ya cika maƙil, cikakken kuwa ya nuna saura kaɗan. Babu wanda ya lalace a cikinsu. Harshensu ne ya bambanta.

Daidaitawa na bukatar haƙuri fiye da kuɗi. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a zuƙe man, a auna turjiya da mitar masu gyaran wuta. Sannan a riƙa zuba lita biyar-biyar, ana rubuta om da matsayin allura, har tanki ya cika. Jadawalin zai nuna cewa rabin tsayin tanki ba lallai ne ya zama rabin mai ba, domin tankuna ba su da siffa irin ta bokiti. Malamai na iya mayar da wannan darasin zanen jadawali a aji, da ruwa da tulu maimakon fetur.

Idan lambobin sun dace da geji amma allura ta ɗan kauce, lanƙwasa ƙarfen gorar kaɗan ya isa. Idan tsarin ne ya saɓa, lanƙwasa ɓata lokaci ce, dole a canja ɗaya. Abin da aka fi mantawa shi ne tsatsa a inda waya ta kama jikin mota, wadda ke ƙara turjiya. A tsarin Turan nan, hakan na sa geji ya nuna man da babu shi. Kuma tururin fetur ya fi ruwansa saurin kama wuta, saboda haka ba a leƙa tanki da ashana ko aci-balbal.